Gem ɗin fasa bulo da ke cikin kaset mai wasanni 9999: na wa ne, kuma me aka cire masa?

Tambaya daga wani matashi a Tudun Wada, Kaduna: "Assalamu alaikum Malam. Na sayi tsohon gem irin na saka kaset a Kasuwar Barci, an haɗo min da kaset rawaya da aka rubuta wa wasanni 9999. A ciki akwai wasan da ake tare ƙwallo da sanda tana fasa bulo, ya fito da sunaye daban-daban har wajen biyar. Wane kamfani ne ya yi shi? Na asali ne ko jabu? Me ya sa yake min wuyar sarrafawa, alhali waɗanda nake gani a YouTube suna buga shi cikin sauƙi? Kuma idan na samo irinsa da yawa na riƙa sayarwa, akwai matsala?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ko ban ga na'urar ba, zan iya ce maka cewa ba Nintendo ce ta ƙera ta ba, kuma kaset ɗin ba shi da lasisin kowa. Babu wani kamfani mai lasisi da ya taɓa fitar da kaset mai wasanni dubu tara. Amma cewa "jabu ne" kawai bai ƙare magana ba, domin abubuwa uku ne mabambanta ke cikin ledar da ka ɗauko. Akwai na'urar da aka kwaikwayi ƙirarta. Akwai wasan da aka kwashe shi ɗungurungum aka goge sunan mai shi. Akwai kuma wasan da wani ya zauna ya rubuta da hannunsa, dabarar kawai ya ara. Hukuncinsu a doka ba ɗaya ba ne, darajarsu ma ba ɗaya ba ce. Daga bayanin da ka yi, zato na mafi ƙarfi shi ne kana buga Arkanoid ne na kamfanin Taito na Japan, wanda aka kankare wa suna. Zan nuna maka yadda za ka tabbatar da kanka.

Asalin wasan dai Breakout ne, na kamfanin Atari na Amurka, ya fito a 1976 a matsayin babban akwati da ake jefa wa kwabo. Nolan Bushnell da Steve Bristow ne suka kawo dabarar: a ɗauki wasan Pong, wanda mutum biyu ke buga wa juna ƙwallo, a mayar da shi na mutum ɗaya da katanga. Aka ba wani ƙaramin ma'aikaci mai suna Steve Jobs aikin haɗa samfurin, shi kuma ya jawo abokinsa Steve Wozniak ya yi ainihin aikin cikin 'yan kwanaki. Wozniak ya karɓi dala 350, sai bayan shekaru ya ji cewa abin da aka biya ya fi abin da aka gaya masa nesa ba kusa ba. Ƙirar tasa ta matse har Atari ta kasa ƙera ta a masana'anta, dole ta sake tata. Abin da zai ba ka mamaki shi ne wannan Breakout na farko ba shi da manhaja sam. Babu ƙwaƙwalwar kwamfuta a cikinsa, tarin ƙananan aisi ne, wato 'yan ƙwayoyin lantarki da ake dasawa a kan fanel, da aka jona da juna, wayoyin su ne wasan. Talabijin ɗin ma baƙi da fari ne, sai aka manna ledoji masu launi a kan gilashin domin bulon ya fito rawaya, kore, ruwan lemo da ja. Layi takwas ne, kowane launi layi biyu. Ƙwallo na ƙara gudu bayan bugu na 4 da na 12, da kuma idan ta taɓa layukan sama, sanda kuma ta rage rabi da zarar ƙwallo ta huda ta taɓa rufi.

Tun a nan kwafi ya fara, kuma ba 'yan kasuwar bayan fage kaɗai suka yi ba. A Japan irin wannan wasa ya cika gari har ya zama jinsi mai zaman kansa. Nintendo da kanta, wadda daga baya ta yi suna wajen maka masu kwafi a kotu, ta fitar da Block Fever a 1978, sannan a 1979 ta fitar da na'urar gida mai suna Color TV-Game Block Kuzushi, wadda ba ta iya komai sai fasa bulo. Shigeru Miyamoto, wanda ya zo ya ƙirƙiro Mario, shi ya zana jikin na'urar. Tomohiro Nishikado na Taito ya sha faɗin cewa daga Breakout ya samo tunanin wasansa Space Invaders na 1978. Wozniak shi ma ya ce launi da sauti da hannun murɗawa da ya saka wa kwamfutar Apple II, ya saka su ne domin ya iya rubuta Breakout a manhaja. Saboda haka idan aro na dabara laifi ne, da babu wanda zai tsira a wannan sana'a.

Bayan shekara goma, a 1986, Taito ta farfaɗo da wasan da Arkanoid. Sanda ta koma ɗan jirgin sama mai suna Vaus. Bulo ya rabu: na launi yana fashewa da bugu ɗaya, na azurfa sai an maimaita, na zinariya ba ya fashewa ko kaɗan. Aka ƙara wasu halittu da ke saukowa ta ƙofofi biyu a rufi suna karkatar da ƙwallo, aka ƙara 'yan ƙwayoyi masu haruffa da ke faɗowa idan bulo ya fashe. A nan shaidarka take. Ka kunna naka ka duba haruffan. S na rage gudun ƙwallo. C na sa ta manne a sanda har sai ka sake ta. E na ƙara tsawon sanda, D na raba ƙwallo gida uku, L na ba ka bindiga, P na ƙara rai, B kuma na buɗe ƙofa a gefen dama ka tsallake zuwa mataki na gaba. Idan matakin farko layuka ne a jere da na azurfa a can sama, na biyu ya yi siffar matakalar bene, na uku ya zo da dogayen layukan zinariya da ke hana ƙwallo wucewa sai ta ƙananan kafofi, to ka daina shakka, Arkanoid ne, ko da an rubuta masa wani suna a jerin wasannin. A ƙarshensa akwai wani ƙaton kai mai suna Doh, mai kama da gumakan duwatsun tsibirin Ista. Masu kaset sukan goge tambarin Taito da shekarar da ke ƙasan allon farko, wani lokaci su cire allon gaba ɗaya wasan ya fara kai tsaye, amma ba sa wahalar da kansu wajen sake tsarin bulon.

Su ma na akwatin kwabo ba su tsira ba. Taito ta saka wa fanel ɗin Arkanoid wata ƙaramar aisi ta tsaro domin kada a kwafa, masu kwafi suka gyara manhajar ta daina neman aisin. Akwai wani sanannen kwafi da bai ma ji kunya ba, harafi ɗaya ya canza, ya rubuta Tayto.

Sunaye biyar da ka gani kuwa wasa ɗaya ne. Arkanoid na Famicom, wato na'urar gem ta Nintendo, bai kai kilobayit 50 ba, hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau da yawa. Kaset irin naka yakan ɗauki wasanni na gaske kaɗan, wani biyar, wani goma sha, mai kirki ya kai 'yan gomomi. Sauran lambobin duk maimaici ne. Jerin da kake gani da farko ƙaramar manhaja ce da ke zaɓar sashen ma'ajiyar da za a karanta, kuma kafin ta miƙa wa wasan ragama sai ta canza lamba ɗaya ko biyu: wannan ya fara daga mataki na 5, wancan ya fara da rai 9, wani kuma an sauya masa launi. Da haka wasa ɗaya ke haifar ɗari a kan takarda. A ganina ma wannan ba ƙaramin amfani ya yi wa yara ba, domin na asalin ba shi da hanyar ajiye inda ka tsaya, kuma yaro da yawa ba don wannan maguɗin ba da bai taɓa ganin abin da ke bayan mataki na uku ba.

Ita na'urar, uwarta Famicom ce, wadda Nintendo ta fitar a Japan ranar 15 ga Yuli 1983, ta kai ta Amurka a 1985 da sunan NES. Kaset ɗin Japan ƙarami ne mai haƙora 60, na Amurka babba mai 72. Ƙirga naka, za ka samu 60 ne, talatin kowane gefe. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa yawancin masu kwafi suka bi tsarin Japan shi ne na Amurka an saka masa aisin kulle mai suna 10NES, wanda ke hana na'ura tashi idan kaset ba na Nintendo ba ne. Na Japan ba shi da wannan kulle. A Amurka kamfanoni sun yi ta fama da shi: wasu na aika masa ɗan bugun wuta ya suma, Tengen kuma ta samo bayanansa daga ofishin rajistar haƙƙin mallaka ta hanyar da kotu ta ce yaudara ce, ta kuma sha kaye a 1992. A Taiwan ba a buƙaci duk wannan ba. Kamfanin UMC ya ƙera aisi biyu da ke yin aikin na Nintendo, irin su UA6527P da UA6538, masana'antu suka riƙa zuba su cikin roba kala-kala. Kuma a wancan lokaci ayyukan Japan ba su da cikakkiyar kariya a dokar Taiwan, sai da ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2002. Daga Taiwan ɗin ne kwafin Famicom mai suna Micro Genius ya fito, irinsa Dendy ta mamaye Rasha daga 1992, Pegasus ta kama Foland, Subor mai madannin rubutu ta shiga gidajen Sin da sunan kwamfutar koyon karatu. Daga baya aka dunƙule komai cikin aisi guda, aka ɗiga masa baƙin danƙo. Idan ka kwance naka ka ga fanel ɗan mitsitsi da baƙin ɗigo a tsakiya, sauran cikin robar kuma wayam, to na wannan zamanin ne. Wasu har ƙarfe ake liƙa musu a ciki don su yi nauyi a hannu. Su ne kuma aka riƙa yi wa jiki irin na PlayStation ana rubuta PolyStation, uba ya sayo wa ɗansa da murna, a buɗe murfin faifai a tarar da ramin kaset.

Ina so ka fahimci wani abu game da mu nan. Waɗannan kwafin ba su ƙwace wa Nintendo kasuwa a Kaduna ba, domin ba ta taɓa kafa kasuwar ba. Famicom na asali wutar Japan yake sha, bolt 100, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce. Hotonsa tsarin NTSC ne, talabijin ɗinmu na PAL ne. Wanda aka kawo wa na asali tsaraba, in bai ƙona adaftar a ranar farko ba, to zai sha wahala kafin ya ga hoto mai launi. 'Yan Taiwan da 'yan Sin su suka yi na'urar da ta dace da soket ɗinmu da talabijin ɗinmu da aljihunmu, 'yan kasuwa suka ɗauko ta daga Alaba a Legas da Sabon Gari a Kano zuwa shagunan Ahmadu Bello Way da babbar kasuwa, wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wasu kuma suka shigo cikin kayan alhazai da na masu zuwa Dubai. Duk wanda ya tashi a Unguwar Rimi ko Kawo ko Barnawa a shekarun 1990 yana cewa ya buga Nintendo, mafi yawanci kwafi ya buga, kuma ba abin kunya ba ne, haka yaran Mosko da na Warso suka tashi.

Yanzu ga tambayarka ta uku, wadda a wurina ta fi sauran muhimmanci. Wasan ba ya maka wuya don hannunka bai iya ba. An raba shi ne da abin da aka gina shi a kai. Breakout da Arkanoid duka da abin murɗawa ake buga su, ba da maɓalli ba. Lokacin da Taito ta kai Arkanoid gida, a Japan a ƙarshen 1986 da Amurka a 1987, ta sayar da shi tare da hannu na musamman mai bolum da maɓalli ɗaya. Bolum ne sak irin wanda muke canza wa rediyo. Na'urar na karanta inda ka murɗa shi ta mayar da shi lamba, lambar ita ce wurin da sanda za ta tsaya. Ka murɗa a hankali ta matsa a hankali, ka fizga ta tsallaka allo cikin ƙiftawar ido. Hannun da aka ba ka kuwa abu biyu kawai ya sani, hagu da dama, kuma da gudu ɗaya. Kamar a cire wa mota sitiyari ne a ba direba maɓalli biyu a ce ya shiga shataletalen Kawo da yamma. Idan ƙwallo ta yi sauri fiye da iyakar gudun sandar, ko kai ne wa ba za ka cim mata ba.

Ba cim ma ƙwallo kaɗai ba ne. Gwanintar wasan tana wurin da ƙwallo ta sauka a jikin sanda. Ta sauka a tsakiya ta tashi kusan a miƙe, ta sauka a gefe ta tafi a kwance. Wannan dabara tun daga Pong aka gado ta, inda Al Alcorn ya raba sanda gida takwas, kowane gida da kusurwarsa. Gwani ba tare ƙwallo yake yi ba, aika ta yake yi. Yana haƙa rami a gefe ɗaya na katangar har ƙwallo ta haura sama, ta maƙale tsakanin rufi da bulo tana ci daga baya, shi kuma ya naɗe hannu yana kallo. Wannan na buƙatar ka ajiye sanda daidai wurin da kake so, ba kusa da wurin ba, kuma maɓalli ba ya ba da wannan. Mai kwafi ya kwashe kowane harafi na manhajar bai bar ko ɗaya ba, amma hannun da zai ƙara masa kuɗin roba da bolum da 'yan aisi, wasa ɗaya tak kuma ke amfani da shi, ya bar shi a Japan. Waɗanda kake kallo a YouTube, da yawansu da wannan hannun suke bugawa, ko da linzamin kwamfuta, wanda shi ma yana bin saurin hannu. Wasu kuma suna yanke wuraren da suka faɗi.

Akwai abu na biyu da ke cutar ka, in dai a talabijin na bango ka jona. Waɗannan sababbin sai sun karɓi hoton sun sarrafa shi sun faɗaɗa shi kafin su nuna, wannan kuma na cin ɗan lokaci. A fim ba za ka lura ba. A wasan da ƙwallo ke ratsa allo cikin ƙasa da daƙiƙa, abin da idonka ke gani ya riga ya wuce. Tsohon talabijin mai ƙeya ba shi da wannan jinkiri. Tun da Kasuwar Barci ka saba, ka koma ka nemi mai inci 14, ba zai yi tsada ba, za ka ji bambanci a bugun farko. In ba hali, ka shiga saitin talabijin ɗinka ka nemi yanayin gem ka kunna. Abin dariyar shi ne na'urarka tana ma yi maka rangwame ba ka sani ba. An rubuta wasan ne don hoto 60 a daƙiƙa, kwafin da aka yi wa ƙasashen PAL kuwa 50 yake bayarwa, wato komai na tafiya da ragin kashi ɗaya cikin shida. Shi ya sa wanda ya tashi da kwafi, ranar da ya ji kiɗan na asali sai ya ga kamar ana sauri.

Za a iya haɗa hannun murɗawar a nan gida? Za a iya. Bolum ne, da aisin da ke mayar da ƙarfin wuta lamba, da wanda ke tura lambar ɗaya bayan ɗaya. Yaran da ke wasa da Arduino, ɗan fanel ɗin haɗa kayan lantarki, a Kadpoly za su iya haɗa shi, robar kuma ko a Panteka a samu mai yi. Matsalar tana wurin jonawa. Hannun Japan ta ƙofa mai haƙora 15 da ke gaban Famicom yake shiga, na Amurka ta ƙofar hannu na biyu, kuma kowanne da kaset ɗin ƙasarsa yake aiki. Kwafi da yawa masu ƙofa mai haƙora 9 ba a ma jona musu duk layukan da ake buƙata ba. Sai an buɗe an bi layi da mita kafin a yi maka alkawari. Duk mai gyaran da ya ce maka "kawo kawai" bai duba ba, ka riƙe kuɗinka.

To idan ka duba ka ga ba haruffan nan, ba azurfa ba zinariya, tsarin bulon ma daban? A nan ka faɗo rukuni na uku, kuma shi ne ya fi ba ni sha'awa. Akwai ƙananan kamfanoni a Taiwan da Sin da suka rubuta wasanninsu daga tushe ba tare da izinin Nintendo ba, irin su Sachen a Taiwan, daga baya kuma Waixing da Nice Code a Sin, waɗanda wasanninsu suka cika na'urorin da ake jonawa kai tsaye ba kaset. Kishiyoyin Game Boy, gem ɗin hannu na Nintendo, masu araha ma kowacce da nata: Watara Supervision ta zo da Crystball a cikin kwalinta, shi ma Game Boy yana da nasa, Alleyway na 1989. Har ɗan gem ɗin hannu mai batir biyu da aka rubuta wa Brick Game, wanda ya zaga makarantun firamare na garin nan, yana da nasa fasa bulon a kan allo mai gida 10 a faɗi 20 a tsaye. Irin waɗannan ba su saci manhajar kowa ba. Sai dai gaskiya, yawancinsu ba su kai ba, kuma kusan kullum a wuri ɗaya suke faɗuwa: kusurwa. Marubuci mai gaggawa yakan sa ƙwallo ta dawo da kusurwar da ta zo da ita ko ina ta taɓa a sanda. Sakamakon shi ne ba ka da iko da ita, kuma idan bulo ɗaya ya rage sai ka ga tana zagaya hanya ɗaya har ka gaji ka kashe. Wata kuma idan ta yi gudu sai ta ratsa bulo ba ta fasa ba, domin manhajar na duba karo ne bayan ta riga ta tsallake shi. Gwajin mai sauƙi ne: ka tare ƙwallo da ƙarshen sanda sau uku, ka tare da tsakiya sau uku. In ba ka ga bambanci ba, wanda ya rubuta bai fahimci wasan da yake kwaikwayo ba.

Batun sayarwa. Ƙirar na'urar ba ita ce damuwa ba yanzu, domin kariyar da doka ke ba ƙirƙirar na'ura shekara 20 ce, ta Famicom ta ƙare tun farkon shekarun 2000, Nintendo ma ta daina ƙera ta a 2003. Shi ya sa ake sayar da na'urori masu cin tsohon kaset a fili a Turai da Amurka. Dabarar wasan ma ba mallakin kowa ba ce. Atari ta sha wahala kafin ma a yi wa hoton Breakout rajista: ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ce murabba'ai da launuka ne kawai, babu wata fasaha, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da maganar sau biyu, a 1989 da 1992, da alƙalamin mai shari'a Ruth Bader Ginsburg. Amma kada ka ɗauka sun yi barci, a 2017 Atari ta kai Nestlé kotu kan tallan KitKat da aka yi da siffar wasan, aka sasanta a waje. Manhajar Arkanoid da zanensa da kiɗansa kuwa har gobe na Taito ne, wadda yanzu ke ƙarƙashin Square Enix, kuma goge suna bai canza wannan ba. A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare manhajar kwamfuta, kuma shigo da kwafi ko sayar da shi laifi ne a ƙarƙashinta. Wanda ya ga abin da satar fasaha ta yi wa 'yan fim ɗin Hausa a zamanin faifai ya san ba maganar Turawa kaɗai ba ce. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa; tafsilin yadda ya shafi tsohon kaya na gwanjo kuma ka kai wa malaminka. Ra'ayina ni dai, tsohon kaset da ya shekara talatin yana yawo, ka saya ka buga a ɗakinka, daban yake da ka yi odar kwali-kwali na sababbi masu wasanni 400 ka buɗe shago. Kuma ko wanne ka sayar, kada ka ce wa mai saye na asali ne.

Ta fuskar riba ma kada ka sa rai da yawa. Masu tara tsofaffin gem a waje suna neman Arkanoid na asali da hannunsa da kwalinsa, suna kuma neman wasu kaset na Sachen da tsofaffin Micro Genius masu aisi a jere. Mai baƙin ɗigo an yi miliyoyinsa, darajarsa ita ce ta wanda ya yi kewar yarintarsa.

Wanda ke hannunka dai ka kula da shi. Abin da ya fi kashe su a teburina na gyara adafta ce. Suna son wuta mai bolt 9 zuwa 10 ta DC, kuma a yawancinsu tsakiyar filogin ne negetif (-), akasin adaftar dikoda da ta rauta da ke yawo a gidaje. Ka duba zanen da ke jikin na'urar kafin ka soka komai, ka kuma nisanci adaftar NES ta asali, domin ita AC take fitarwa. In an yi sa'a ɗan 7805 da ke rage wutar zuwa bolt 5 ne zai mutu, wannan canza shi minti kaɗan ne. In wutar ta kai ga baƙin ɗigon, sai dai 'yan gwangwan. Ka cire shi daga soket idan an ɗauke wuta, kada dawowarta ko tashin janareta ya same shi a jone. Idan hoto ya fara kawo layi mai tafiya da ƙugi a sauti, kafasita ce ta bushe, ba wasan ba ne. Kaset kuma ka daina hura masa iska da baki, danshin ne ke sa haƙoran tsatsa. Ƙurar hunturu ce ke toshe su, auduga da ɗan sifirit sun isa, ka bari ya bushe kafin ka mayar.